An ba ni odar kaskon turare 300 a tsakiyar damina: in karɓa ko in haƙura?

Umman Sadik, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin wanda ya san ginin tukwane ko ya saba sayar da kayan fashewa.

Ni maginiya ce a nan cikin garin Katsina. Wurin kakata na koya, amma ita randa da tulu da tanda take yi. Da aure ya kawo ni birni sai na ga randa ba tawa ba ce, don ba ni da filin toya ta, kuma masu sayenta a unguwarmu sun ragu. Sai na koma ƙananan kaya: kaskon turaren wuta, tukwanen fure, asusu. Ba ni da injin juyi. Tsohon kasko nake kifewa in barbaɗa mashi toka, in shimfiɗa yumɓu a kai in bubbuga, in ya ɗan sha iska in cire in ɗora mashi baki da gindi da hannu. Sai in shafa jar ƙasa, in goge da ɗan dutse mai santsi har ya yi sheƙi, sannan in yi zanen dagi da bakin ƙusa. Gogar nan ita ce ke cinye mani yini, kuma ita ce mutane ke gani a hoto su tsaya. A bayan gida nake toyawa da kara da kashin shanu. Ciniki kuwa duk a WhatsApp da Instagram ne.

To, wata baiwar Allah ce daga Kaduna ta ga kayana. Za ta aurar da ɗiyarta farkon Satumba, tana son kasko 300 na rabon biki, kowane da sunan amarya da ango a jikinshi. Ni ₦2,500 nake sayar da guda. Ita ta ce ₦1,200 za ta biya tunda da yawa ne, har tana cewa ai a kasuwa ₦500 ake sayar da kasko. Kuma sai kaya sun isa Kaduna lafiya za ta turo kuɗi.

Maigida ya buga lissafi ya ce ₦360,000 ba abin wasa ba ne, in karɓa. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Yanzu muna tsakiyar Yuli, ruwa ya zauna. Ban taɓa yin aiki mai yawan wannan ba, kuma ban taɓa tura kaya ya wuce Kano ba. Ta ba ni zuwa Juma'a in ba ta amsa. Me kuke gani? Kuɗin ya yi? Kuma in kaya suka fashe a hanya, asarar ta wa ce?

Baba Magini, Daura

Wa alaikumus salam. Jikana ne ke rubuta mani, ni nake faɗa mashi.

Ɗiyata, kafin a zo maganar kuɗi, tambaya ɗaya zan yi maki: yumɓu nawa gare ki a ajiye? Ba ki faɗa ba, kuma nan ne zancen yake. Mu da rani muke haƙar ƙasar gini mu tara, domin da zarar ruwa ya sauka kududdufai sun cika. Abin da za a kwaso maki yanzu daga gefen rami laka ce da ruwa ya kwaso da yashi da shara, ba za ta riƙe baki ba. Idan ba ki da abin da zai isa kasko ɗari huɗu a ɗaki, to maganar ta ƙare tun nan.

Na ce ɗari huɗu, ban ce ɗari uku ba. Wanda zai miƙa ɗari uku lafiyayyu ba ɗari uku zai gina ba. Wasu za su tsage wurin bushewa, wasu wuta za ta ci su, wasu za su fito da baƙin tabo a daidai wurin sunan amarya, ki ji kunyar sa su a kwali. Duk waɗannan ke kika gina su, ke kika goge su, kuma ba mai biyan ki kuɗinsu. Dole kuɗinsu ya hau kan waɗanda suka tsira. Yawancin maginan da na sani suna talaucewa ne a wannan wurin, suna ƙirga abin da suka sayar, ba sa ƙirga abin da suka zubar a bayan matoya.

Sai bushewa. Kaskon da zai bushe maki cikin kwana uku ko huɗu da bazara, a watan Agusta sai ya yi mako yana kallon ki. Samanshi ya yi fari kamar ya bushe, cikinshi da ruwa. Ki ɗora gindinshi a kumatunki: idan kika ji sanyi, bai bushe ba, ko da kuwa ya kwana goma. Kika sa shi a wuta haka, za ki ji ƙara tas, ya fashe ya kuma fasa maƙwabtanshi. Ina kuma za ki shanya ɗari huɗu a gidan birni? Sai dai in ku za ku koma kwana a zaure.

Ga makamashi. Karan bara ya kusa ƙarewa, wanda ya rage ya yi tsada kuma ya sha ruwa. Kashin shanu na damina ba ya kama wuta, hayaƙi kawai yake. Ki jera kaya ki kunna, hadari ya taso daga gabas, kin san sauran. Ruwa ya taɓa kasko yana ja, ba ko ɗaya da za ki ɗauka. Ni a wannan watan gona nake zuwa, gini sai kaka ta yi. Ba lalaci ba ne, haka muka taras ana yi, kuma da dalili.

Maganar na ₦500 kuwa, gaskiya ta faɗa, akwai shi. Ranar Lahadi ki je kasuwar Mai'aduwa ko Caranci ki ga irinshi. Ana buga shi ne da yawa a yini ɗaya, ba guga, ba zane, a toya a loda. Yana aikinshi, ban raina shi ba, na ci abinci da shi. Amma ita ba shi ta gani a wayarki ta kira ki ba. In shi take so, ai hanyar kasuwa ba a ɓoye take ba.

Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne sunan nan. Kasko ba suna, in wannan ta fasa sai ki sayar wa wata. Kasko da sunan wance da wane, kuma a cikin ƙasa aka zana shi aka toya, wa zai saya? Allah ya kiyaye, aure ana ɗaga shi, ana ma fasa shi. Ba kafin alƙalami, ba aiki. Rabi a hannu kafin ki taɓa ƙasa, cikon kafin kaya su bar ƙofar gidanki. Kuma a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Hajiya Mai Turare

Baba ya faɗi gaskiya a kan kafin alƙalami, amma ban yarda a ce mata ta bar aikin gaba ɗaya ba. Ni turaren wuta da humra nake haɗawa, kuma bikin mutum ɗaya ne ya fito da ni. Rabon biki gida-gida yake shiga. Kasko 300 gidaje 300 ne a Kaduna, wasu har Abuja, kuma mata in suka ga abu mai kyau a ɗakin wata sai sun tambayi inda aka samo. Wace talla ce za ta yi maki haka?

Sai dai ki juya maganar. Sunan amarya da ango kar ya hau jikin kasko. A buga shi a ɗan kati, a ɗaura da zare a wuya, masu buga katin biki suna yi da araha. Abin da ya kamata ya shiga cikin ƙasa sunanki ne da lambar wayarki, a ƙarƙashin gindi, tun yana ɗanye. Ki sa a sassaƙa maki ɗan hatimi na katako ki riƙa dannawa. Kati zai ɓace cikin mako, gindin kasko kuwa yana nan.

Tunda kin zo, bari in faɗa maki abin da ke haɗa ni faɗa da magina, don ni mai saye ce. Na farko gindi. Sai a yi kasko mai kyau a bar gindinshi siriri kuma a ƙasa, mace ta zuba garwashi ta ajiye kan kafet ko leda, ta dawo ta tarar ya ƙona. Ni ake kira a yi wa ƙorafi, ba maginin ba. Ki yi mashi ƙafa mai ɗan tsawo da wurin kamawa. Na biyu fenti. Masu fesa ruwan gwal har cikin kasko suna ɓata mana sana'a: garwashi ya taɓa fenti, warinshi ya danne turaren da na wahala na haɗa. Ciki a bar shi ƙasa zalla. Naki da kika ce jar ƙasa ce da guga, shi ne ma abin da nake nema ban samu ba.

Kuɗi kuwa, ₦1,200 ta yi kaɗan ƙwarai. Sari ana ragi, amma ba a raba kuɗi biyu. Ki tsaya kusa da dubu biyu, kuma kwali da mota a kanta. Mai aurar da ɗiya da ke rabon mutum 300 ba dubu ɗari biyu ce za ta gagare ta ba, taya ki kawai take. In ta tafi, turo mani hoto ta akwatin saƙo, ina son dozin biyu in gwada haɗawa da turarena.

Abu Hanan

Aunty, ni fannin tangaran na karanta a sashen Industrial Design na ABU Zariya, ko da yake yanzu aikin tayil ne ke ci da ni. Abin da Baba ya faɗa na kumatu daidai yake da abin da aka koya mana da ma'aunin zafi. Ruwan da ya rage a cikin yumɓu yana zama tururi a digiri 100, in bai samu hanyar fita a hankali ba sai ya fasa. Akwai wani wurin haɗarin kuma a digiri 573, inda yashin da ke cikin ƙasar yake kumbura farat ɗaya, kuma yana sake tsukewa a daidai nan lokacin hucewa. Shi ya sa kwashe kaya da wuri yake tsaga su ko da wuta ta yi kyau.

Abubuwa biyu za su rage maki wahalar damina. Kafin toyi, ki jera kaskon a kife a kewayen garwashi mara ƙarfi na wasu awanni, ki riƙa juyawa, har ya yi zafin da ba za ki iya riƙe shi ba. Sannan ki daina toyi a fili. Ki sa a gina maki 'yar rijiya ta jan bulo, tsayin ƙugu, da ƙofofin wuta a ƙasa da ƙarafuna a gicciye da za a jera kaya a kai. A rufe saman da tsingaro da tsohon kwano, a yi mata rumfar kwano mai tsawo. Tana riƙe zafi, tana cin makamashi kaɗan, kuma yayyafi ba zai kashe ki ba. Sai dai ba a koyon sabuwar matoya da kayan oda. Wutar farko da ta biyu na gwaji ne.

Don su fito girma ɗaya, a zuba maki mazubi na garin POP, irin wanda ake silin da shi. Yana shan ruwan yumɓu ya saki kasko da kanshi. Ki kula kada ɓarɓashinshi ya shiga cikin ƙasarki, yana fasa kaya bayan toyi. Kuma ki tuna yumɓu yana tsukewa, kusan kashi ɗaya cikin goma tsakanin gini da toyi, don haka mazubin ya fi girman da kike so.

Wani zai zo ya ce ki sa masu ruwan gilas su yi ƙyalli irin na kanti. Kar ki saurare shi. Wutar kara tana tsayawa ne wajen digiri 600 zuwa 900, tangaran na gaske kuwa sai an haura 1,200. Abin da ke narkewa a ƙaramar wuta galibi dalma ce a ciki, har akwai masu fasa tsohon batirin mota don ita. Gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Ban da haka ma, ƙananan ƙofofin da ke jikin ƙasar da aka toya a ƙaramar wuta su ne ke sa kasko ya jure garwashi bai fashe ba, su ne kuma ke sa randa sanyaya ruwa. Da wannan ne Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. In fari kike so a zane, akwai farar ƙasar Ƙanƙara a nan jiharmu, amma ki gauraya ta da ɗan yumɓunki, in ba haka ba za ta kakkaɓe bayan toyi.

Kuma kar ki raina hannunki don ba ki da inji. Ki juya naira ashirin ki ga Ladi Kwali. Da hannu ta koyi gini a ƙauyensu, kuma ta riga ta yi suna, har Sarkin Abuja yana ajiye tukwanenta, kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja.

Na Tasha

Hajiya, ni direba ne, bari in yi maganar ɓangarena. Kayan ƙasa in kika ba da su a matsayin saƙo, but ɗin mota za su shiga, kuma duk abin da ya zo bayansu a kansu za a ɗora, buhu ne ko jarka. Ba mugunta ba ce, haka lodi yake. Kuma ba direban da zai biya ki kasko, tun a tasha za a ce maki ba ruwanmu da abin fashewa.

Ki sayi kujerun baya, kaya su zauna kan kushin, wani naki ya bi su. Kowane kasko a naɗe da takarda, kar biyu su taɓa juna, a cike tsakaninsu da buntun shinkafa ko dusar katako har in kin girgiza kwali ba ki ji motsi ba. Ƙananan kwalaye sun fi babba ɗaya, don babba mutum biyu ke ɗauka kuma jefa shi suke. Ki ɗauki bidiyo lokacin da kike shiryawa. Mafi sauƙi ma, ita ta turo motarta, ta ƙirga a ƙofar gidanki. Daga nan abin da ya faru a hanyar Funtuwa ko ta Kano nata ne.

Maman Walida

Ni dai tambaya gare ni. Me zai hana ki kai aikin ƙauyen kakarki, ki raba wa mata su buga maki jikin, ke ki yi guga da zane? Kowa ya samu.

Umman Sadik, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tambayarka ta farko ita ta kashe maganar 300. Na shiga ɗaki na duba buhunan da na tara da rani, ba za su wuce kasko ɗari da hamsin ba, kuma a ciki akwai tukwanen fure da na riga na karɓi kuɗinsu.

Maman Walida, na yi wannan tunanin. Matsalar ita ce yanzu duk suna gona, ba wadda za ta bar noman gyaɗarta ta zauna buga mani kasko. Sannan hannunsu na randa ne, suna barin jiki da kauri, ƙasarsu kuma ƙaiƙayi ya yi mata yawa, ba ta ɗaukar guga irin wadda nake so. In zan yi haka sai na zauna da mutum biyu ko uku da rani mun daidaita hannu, kuma in biya su kuɗin da ba zan ji kunyar faɗa a gaban kakata ba. Ba zan so in zama mai saye a wurinsu ₦300 in sa hatimina in sayar ₦2,500 ba.

Na kira matar ɗazu. Na ce zan iya 100, a ₦2,000, rabi yanzu, suna a kati, kuma ta turo a ɗauka a Katsina. Sauran mutanen ta haɗa masu da wani abin, wannan ya zama na manyan baƙi. Ta yi shiru, ta ce na cika tsada, na ce haka ne. Ta ce za ta yi shawara da ƙanwarta. Maigida bai ji daɗi ba, yana ganin na kori kuɗi, amma da na nuna mashi ɗakin da za a shanya kayan, wato nashi, sai ya sassauto.

Malam Abu Hanan, matoyar bulon nan ta shiga raina, bayan damina zan neme ka. Hajiya, na turo maki hotuna.

Baba, saura tambaya ɗaya. Kakata tana yayyafa wa tukwane wani ruwa in an kwashe su, su yi duhu suna ƙyalli. Ina yarinya lokacin, ban kula da yadda take haɗa shi ba. Ina so in gwada a kan waɗanda suka fito da tabo, ko za su sayu.

Baba Magini, Daura

Makuba ce. Ɓawon 'ya'yan ɗorawa za ki samu, ki daka shi sama-sama, ki jiƙa ya kwana, ki tafasa har ruwan ya yi kauri ya yi ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, ki tace. Wasu da bagaruwa suke yi, ita ta fi baƙi. Kasko na fitowa daga wuta, da zafinshi, ki tsoma tsintsiya ki yarfa mashi, ki juya da sanda ki yarfa wa ɗaya gefen. Yarfawa na ce, ba zubawa ba, in kika zuba zai tsage. In ya huce kuma ba ta kamawa, ɗauraye kawai za ki yi. A waje kaɗai, kar ta shiga ciki inda garwashi zai zauna. Ki fara da guda biyu da kika riga kika fid da rai da su, ki ga yadda ƙasarki za ta karɓa, don ta Katsina da tamu ta Daura ba lallai su sha daidai ba.